Mai leƙen maƙwabta ta taga: daga ina labarin ya fito, kuma me ke sa shi faɗuwar gaba?

Malama, ga tambayarki a taƙaice saboda sauran masu karatu. Kin kalli wani tsohon fim na Amurka inda wani mai karyayyar ƙafa ke zaune bakin taga yana kallon maƙwabtansa, har ya soma zargin ɗaya daga cikinsu da kashe matarsa. Kin ce an ci fiye da awa guda ba harbi ba jini, amma gabanki na ta dukan uku-uku. Kina son sanin asalin wannan irin labari, da abin da ke riƙe mai kallo a cikinsa, da kuma ko zai rubutu da Hausa ba tare da an ce kin yi satar fasaha ba.

Fim ɗin da kika kalla shi ne Rear Window, na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a 1954, James Stewart da Grace Kelly ne taurarinsa. Sai dai ba Hitchcock ne ya ƙagi labarin ba. Wani marubuci ɗan birnin New York, Cornell Woolrich, shi ya fara buga shi a matsayin gajeren labari a watan Fabrairun 1942 a mujallar Dime Detective, da taken "It Had to Be Murder". Irin mujallun nan ne masu araha da ake bugawa a kan takarda marar daraja, ma'aikaci ya saya ya karanta a jirgin ƙasa ya yar. Bayan shekara biyu aka sake buga shi cikin wani tarin labarai da sunan aron da Woolrich ke amfani da shi, William Irish, a nan ya samu sunan da fim ɗin ya ɗauka. Salon da ake jefa irin waɗannan labarai a ciki shi ne wanda masu sharhi na Faransa suka raɗa wa suna noir, wato baƙi, a 1946, sa'ad da finafinan Amurka na zamanin yaƙi suka iso Paris. Labaran birni ne da dare, na mutanen da ƙaramin kuskure ke jefawa rami, waɗanda ko an kama mai laifi a ƙarshe zuciyar mai karatu ba ta washewa.

Sanin yadda Woolrich ya rayu zai taimaka miki. An haife shi a 1903, ya rasu a 1968. Ya yi fiye da shekara ashirin yana zaune da mahaifiyarsa a ɗakunan otal a New York, ba ya son fita, ba shi da abokai na a-zo-a-gani. Da ta rasu a 1957 sai ya ƙara shigewa ɗaki, ga giya ga rashin lafiya, har wani ciwon ƙafa da ya ƙi kai wa likita ya ruɓe aka yanke ƙafar 'yan watanni kafin mutuwarsa. Mutumin da ya rubuta labarin mai zaman taga ya san zaman ɗaki ciki da bai.

A gajeren labarin, mai ba da labari sunansa Hal Jeffries, kuma da bakinsa muke jin komai. Ya ce mana iyakar zirga-zirgarsa daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado, amma bai ce ga dalili ba. Sai a jimlar ƙarshe ta labarin, da likita ya zo cire masa ɗori, muke gane karaya ce. Wannan ɓoyon ba ƙaramar dabara ba ce, domin tun daga shafin farko kina tambayar kanki wane irin mutum ne wannan da ba shi da aiki sai sa ido. Shi ma ya san abin kunya ne, shi ya sa ya fara da kare kansa. Sai ya zayyano maƙwabtan: wasu sababbin aure masu fita yawo kullum dare su manta ba su kashe wuta ba, sai mijin ya dawo a guje ya kashe, wata bazawara da ke kwantar da 'yarta ta zauna ta yi kwalliya ta fita, ba ta dawowa sai gab da asuba, sai kuma Lars Thorwald a hawa na huɗu, wanda matarsa ke fama da ciwo.

Duba ƙanƙantar abin da ya tayar da zargin. Thorwald ya dawo gida bai cire hularsa ba, ya dai tura ta ƙeya. Bai leƙa ɗakin matar ya yi mata sannu ba. Da dare ya kwana a falo, cikin duhu, sai wutar ashana kawai ake gani. Shi ke nan. Babu wuƙa, babu ihu. Mai hidimar Jeffries, wani mutum mai suna Sam, ya ji gyare na kuka a tsakar gida ya ce a wurinsu wannan alamar mutuwa ce a kusa, Jeffries ya yi masa dariya, amma maganar ta zauna masa. Daga nan ya kira abokinsa ɗan sanda, Boyne. 'Yan sanda suka bincika gidan a ɓoye ba su ga komai ba, suka tarar da katin gaisuwa da aka ce matar ce ta aiko daga ƙauye, suka bi sawun akwatin da aka fitar suka iske wata mace ta karɓa da sunanta. Boyne ya ji kunya ya janye jikinsa.

Yadda Woolrich ya warware ƙullin ya fi na fim ɗin burge ni, domin da ido kaɗai aka warware shi. Ana gyaran benen ne hawa-hawa. An gama hawa na shida, ana cikin na biyar. Wata rana Jeffries ya ga dillali yana zagayawa da masu neman haya a hawa na shida, a daidai lokacin da Thorwald ke tafiya a nasa hawa na huɗu, su biyun suka tashi daga falo zuwa kicin tare. Da suka shiga kicin sai na sama ya ƙara tsawo a jikin taga, na ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Abin ya tsaya wa Jeffries a rai ya rasa dalili, sai can daga baya ya gano cewa masu gyara suna ɗaga daɓen kicin da sabon siminti. Ke nan a hawa na biyar, inda ba kowa da dare, akwai daɓen da bai bushe ba. A nan Thorwald ya binne ta.

To, ga abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan wannan salo. Taga tana nuna motsi amma ba ta jiyar da magana, kamar talabijin da aka kashe wa murya. Mai kallo ya ga mutum ya ɗaga hannu, bai sani ba duka zai kai ko ƙuda yake kora. Wannan giɓin da ke tsakanin abin da ido ya gani da abin da ya faru, mai leƙen ne ke cike shi da abin da ke cikin ransa, ke ma da kike karatu kina taya shi cikewa. Muna cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin ne ke jefa mutum cikin ruɗu, don rabin abu ya gani. Faɗuwar gaban da kika ji ta fito ne daga aikin da aka ɗora miki ba ki ankara ba. An ba ki guntaye an bar ki ki haɗa, kuma duk abin da kika haɗa da hannunki sai ki ji kina so ya tabbata.

Hitchcock ya fahimci wannan fiye da kowa. An gina masa unguwa sukutum a cikin sutudiyon Paramount, mai gidaje 31, har sai da aka fasa daɓen sutudiyon aka yi tsakar gidan a ƙasa don benen ya samu tsawo. Kyamara ba ta barin ɗakin jarumin sai a wurare ƙalilan. Abin da ya gani shi kike gani, daga nisan da ya gani. A hirarsa da François Truffaut, mai shirya fim ɗan Faransa, wadda ta zama littafi a 1966, ya bayyana dabarar da misalin gwajin da mai shirya fim Lev Kuleshov ya yi a Rasha: a nuna fuskar Stewart yana kallo, a nuna ɗan kare da ake saukewa cikin kwando, a dawo kan fuskar yana murmushi, sai a ce mutumin kirki ne. A cire karen a sa budurwa marar cikakkiyar sutura, murmushin bai sauya ba, amma yanzu ya zama ɗan iska. Fim ɗin gaba ɗaya a kan wannan aka gina shi: fuska, abin da ta kalla, fuska.

Marubucin fim ɗin, John Michael Hayes, ya ƙara abubuwan da babu a labarin asali. Ya mai da jarumin mai ɗaukar hoto na mujalla, wanda ya karye garin ɗaukar tseren motoci. Ya cire Sam ya kawo mata biyu, Lisa budurwarsa 'yar gayu, da Stella mai jinya mai kaifin baki. Ya kuma sa labarin a tsakiyar zafin bazara a unguwar Greenwich Village. Kada ki raina zancen zafin. A lokacin talakan birni ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka kowa ya wangale taga ya ɗage labule, har wasu ma'aurata ke shimfiɗa katifa a kan matakalar ƙarfe ta gudun gobara su kwana. Ba don zafi ba da babu abin gani. Irin wannan labari yana buƙatar dalili na zahiri da zai sa sirrin mutane ya fito fili, da dalili na zahiri da zai hana mai kallon tashi ya je ya tambaya.

Yanzu lura da yadda zargin ke hawa. An ji ƙarar mace da fashewar gilashi cikin dare. Thorwald, wanda ɗan tallan sarƙoƙi da 'yan kunne ne, ya fita sau uku cikin ruwan sama da jakar tallarsa. Da safe aka gan shi yana naɗe zarto da babbar wuƙa cikin jarida. Ya ɗaure wani ƙaton akwati da igiya aka zo aka ɗauka. Kowanne cikin waɗannan yana da amsa mai sauƙi, kuma ɗan sanda Doyle, abokin jarumin a fim ɗin, ya kawo amsoshin ɗaya bayan ɗaya: gida nawa ne babu zarto, akwatin da makullinsa ya lalace ai da igiya ake ɗaure shi, kuma akwai waɗanda suka ga ma'auratan sun fita da sassafe. Hitchcock ya ma yi wani abu na mugunta a nan. Ya bar jarumin ya yi gyangyaɗi, ya nuna mana mu kaɗai Thorwald yana fita da wata mace sanye da baƙaƙen kaya. Daga wannan lokacin mun san abin da jarumin bai sani ba, muna tsammanin watakila shirme yake yi. Marubucin da bai iya ba yakan sa kowace alama ta nuna laifi kai tsaye. Gwani kuwa sai ya ba bayanin rashin laifi ƙarfi har ya kusa rinjaye.

Abin da ya karya bayanin ɗan sandan ilimin mata ne, kuma ke marubuciya wannan naki ne. Jarumin ya ga Thorwald yana zazzage jakar hannun matarsa yana fito da kayan adonta, da ya gaya wa Lisa sai ta ce babu macen da za ta yi tafiya ta bar jakar da ta fi so, balle zoben aurenta. Doyle ya yi mata kallon mace mai surutu, alhali ita ke da gaskiya. Sai kuma zancen kare. Ɗan karen nan na kwando ya dami wani gurbin furanni da tono, aka wayi dare an karya masa wuya. Uwargijiyarsa ta fito tana kuka tana faɗa wa unguwa cewa ba su san ma'anar maƙwabtaka ba. Kowa ya fito taga yana kallo, ban da mutum ɗaya, wanda ke zaune cikin duhu, sai jan wutar tabarsa. Biri ya yi kama da mutum.

Wurin da ya fi ko'ina tsayar da numfashi ba shi da ko digon jini. Lisa ta haura ta shiga gidan Thorwald, ya dawo ya rutsa ta, 'yan sanda suka iso. Tana tsaye ta juya wa taga baya, ta maƙale hannu a baya tana nuna wa saurayinta zoben da ta samo ta sa a yatsa. Thorwald ya ga yatsan yana motsi, ya bi inda yake nunawa da ido, ya ɗago kai a hankali ya kalli cikin kyamara. Tun farkon fim muna zaune cikin duhu muna kallon mutumin nan hankali kwance, sai ga shi ya gan mu. Duk labarin da za ki rubuta a wannan salo, wannan lokacin yana jiranki, kuma gwargwadon jinkirin da kika yi kafin ki kai gare shi gwargwadon ƙarfinsa.

Akwai wani abin da mutane ba su cika faɗa ba. Da Thorwald ya shigo ɗakin jarumin, bai shigo da ruri ba. Tambaya ya yi, cikin muryar gajiyayye, me ake nema a wurinsa, in kuɗi ne ba shi da su. Jarumin bai iya ba shi amsa ba, domin ba shi da ita. Bai san matar ba, bai taɓa gaisawa da ita ba. Tun kafin wannan, sa'ad da ɗan sanda ya shawo kansu cewa matar na raye, shi da Lisa sun yi jugum kamar an yi musu rashi, har ita da kanta ta ce abin kunya ne mutum ya yi baƙin ciki don maƙwabcinsa bai kashe matarsa ba. Kuma suna cikin farautar Thorwald, a hawan ƙasa wata mata da kaɗaici ya ci ƙarfinta ta jera ƙwayoyi za ta sha ta huta, saura ƙiris hankalinsu bai kai kanta ba. Masu sharhi sun daɗe da lura cewa jarumin gudun auren Lisa yake yi, kuma kowace taga da ke gabansa wani nau'in aure take nuna masa. A cikin dukkan tagogin, wadda ta riƙe idonsa ita ce ta mijin da ya gaji da matarsa. Abin da ke cinsa a rai shi ya hango a gidan wani.

Shekarar da fim ɗin ya fito ma tana da nata. Daga Afrilu zuwa Yunin 1954 Amurkawa sun zauna gaban talabijin suna kallon zaman bahasin Sanata Joseph McCarthy, mai farautar 'yan gurguzu, da rundunar soja, bayan shekarun da aka yi ana tilasta wa mutane, har da 'yan fim na Hollywood, su ambaci sunayen abokansu da ake zargi da gurguzu. Ban ce Hitchcock siyasa ya nufa ba. Amma waɗanda suka shiga silima a waccan bazarar sun san abin da kai ƙarar maƙwabci ke nufi.

Akwai reshe na biyu na salon, inda mai kallon ya ga kisan ƙuru-ƙuru amma ba a yarda da shi ba. Woolrich ɗin dai ya rubuta wani labari a 1947 wanda ya zama fim mai suna The Window a 1949: yaro ne da ya yi suna wajen shara ƙarya, zafi ya kore shi ya kwana a matakalar waje, ya ga maƙwabtansu na sama sun kashe wani mutum. Iyayensa ba su yarda ba, har uwar ta ja shi ya je ya ba maƙwabtan haƙuri, wato ta kai musu shaidar da hannunta. A Witness to Murder na 1954 mace ce ta gani, aka ce taɓin hankali gare ta aka kai ta asibiti. Wannan reshen ya fi saurin tayar da hankali amma bai kai zurfin na farko ba, don mai karatu ya riga ya san gaskiya, haushi kawai yake ji.

Inda nake da ja da Woolrich da Hitchcock shi ne, dukansu biyu sun bar mai leƙen ya yi gaskiya. Da zarar gawa ta bayyana, an wanke shi, an wanke mu. Hitchcock ya ɗan ci shi tara, ya sa aka jefo shi ta taga ɗaya ƙafar ma ta karye, amma ya tashi da budurwa da yabo. Wanda ya bi maganar har ƙarshenta shi ne Georges Simenon, ɗan Beljiyam, wanda shi ma a 1903 aka haife shi. A littafinsa Les Fiançailles de M. Hire na 1933, an tsinci gawar wata mace a wani kango a Villejuif, bayan garin Paris. A gidan hayar da ke kusa akwai wani Hire, gwauro, ɗan baƙi mai tushen Yahudawa, ba ya hira da kowa, sana'arsa ba ta da tsabta sosai, ya kuma taɓa zaman kurkuku. Kullum dare yakan kashe fitila ya tsaya yana kallon wata yarinya, Alice, a ɗakinta da ke fuskantar nasa. Ta wannan leƙen ya san gaskiya, ya san saurayinta ne ya yi kisan, ya yi shiru saboda son da yake mata. Amma yana kallon taga ɗaya ne, shi kuwa unguwa duka ke kallonsa, daga mai gadin gida zuwa 'yan sandan da ke bin sa a baya. Yarinyar ta ɗauki jakar mamaciyar ta ɓoye ta a ɗakin Hire. Jama'a suka taso masa, ya gudu kan rufi, a can ajalinsa ya same shi.

A nan zargin ya hau daidai yadda ya hau a labarin Woolrich, alama bayan alama, kowacce da kamar gaskiya, sai dai a kan marar laifi ya sauka. Julien Duvivier ya mai da littafin fim mai suna Panique a 1946, jim kaɗan bayan mamayar Jamus, lokacin da Faransawa ba su manta da wasiƙun tsegumi da maƙwabta suka riƙa aika wa hukuma ba. Patrice Leconte ya sake yin sa a 1989. In kin karanta Woolrich ba ki karanta Simenon ba, rabin salon kika sani.

Ke da kika tashi da jin "zato zunubi ko da ya zama gaskiya", kina da abin da marubutan can ba su da shi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi hani ga abu uku a jere: yawan zato, sannan bin diddigin asirin mutane, sannan cin naman wani a bayan idonsa. In kin duba, jerin nan shi ne jerin da labaran nan ke bi, mutum ya zata, ya leƙa, ya faɗa wa wani. Jarumarki za ta san tana aikata abin da aka hana ta, kuma za ta san cewa in ta yi shiru alhali an cuci wata, wannan ma nauyi ne a kanta. Jarumin Hitchcock sau ɗaya ya tsaya ya yi wa kansa wannan tambaya ya wuce. Taki ba za ta iya wucewa ba.

Saboda haka zai rubutu da Hausa, amma kada ki ɗauko tagar New York ki dasa a Kano ko Zinder. Gidan Bahaushe ciki yake kallo: katanga, zaure, sannan tsakar gida da baƙo ba ya gani. Malaman Malikiyya tun da daɗewa sun yi hukunci a kan tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, har wani magini na Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi a ƙarni na 14. A wurinmu kunne ya fi ido aiki. Nemi inda asiri ke yoyo da kansa: gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya, ko sabon bene da ya tsaya a kan tsofaffin gidaje, ko katangar da damina ta zubar ba a gyara ba. Nemi kuma wadda zama ya kama da dalili. Mai takaba, a misali, wata huɗu da kwana goma tana gida, barci ya ƙaurace mata, kuma duk abin da ta faɗa za a ce baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Alamunki su zama na abin da ya daina faruwa. Turmin da ake ji kullum da hantsi ya yi shiru. Igiyar shanya ta kwana uku babu zane. Almajirin gidan ya dawo da kwano wayam. Maigidan da bai taɓa shara ba yana wanke tsakar gida da asuba. Amsa kuwa tana nan a bakin kowa, mai sauƙi, mai kama hankali: matar gidan ta yi yaji, ko ta tafi ganin gida. Sai jarumarki ta hango abin da mace kaɗai za ta gane, irin abin da ba a tafiya a bari. Babbar matsalarki wayar hannu ce, wadda Woolrich bai sha fama da irinta ba. Mai karatu zai ce me ya hana a kira matar da ta ɓace, don haka tun da wuri ki san inda wayar take, da wanda ke amsa saƙonnin da ke shigowa cikinta. Ki kuma auna wa za a faɗa wa. Kafin a kai ga 'yan sanda akwai miji ko wa, akwai mai unguwa, akwai liman, kuma kowannensu zai fara tambayarta yadda aka yi ta gani. In ta yi kuskure ta ɓata sunan bayin Allah, ta raba zumunci, watakila ta tara wa marar laifi jama'a a ƙofar gida. Ki yanke tun kafin ki fara ko tana da gaskiya ko ba ta da ita, sannan ki rubuta kowane babi yadda ɗaya amsar ma za ta iya zama daidai.

Game da tsoron kada a ce kin yi satar fasaha, labarin Woolrich kansa ya sha shari'a. Bayan rasuwarsa wani dillalin adabi, Sheldon Abend, ya sayi haƙƙin labarin a kan dala 650 da wani kaso na abin da zai shigo, ya kai masu fim ɗin ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya a 1990. Amma da magadansa suka kai ƙarar masu fim ɗin Disturbia na 2007, wanda shi ma yaro ne da aka tsare a gida yake zargin maƙwabcinsa, kotu ta kori ƙarar a 2010, ta ce kamannin bai kai ba. Mutum a tsare yana zargin maƙwabci ba mallakin kowa ba ne. Daɓen kicin da zoben aure da ɗan kare cikin kwando kuwa suna da masu su, sai ki nemo naki.